Sunan 'Yar Fari

Mu a gidanmu a madafa ake tatsuniya, kuma da damina ake yin ta. Ƙauyenmu yana gindin wani dutse ne a ƙasar Kauru, can jihar Kaduna, inda ruwa in ya tsuge sai ya wuni bai ɗauke ba. Da an gama cin tuwo, tun gari bai gama duhu ba, sai mu jikoki mu duru a madafar Kaka, kowa da ɗanyar masararsa a hannu, muna ture-ture a kan wa zai zauna kusa da murhu. Hayaƙi ya cika ido, jinka tana ɗiga ta gefe guda, awaki sun raɓe a bakin ƙofa suna atishawa. Yau na doshi sittin, ina aikin nas a Amurka, ina zaune a Woodbridge cikin gidan da na'ura ke ɗumama shi, amma har gobe in na ji ƙamshin gasasshiyar masara can nake komawa.

Kaka ita ce ta haifi babana. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai faɗan tsiya, hannunta kuma bai san zafi ba, da yatsu take juya masara a kan garwashi. In ka miƙa hannu kafin ta ce ta gasu, za ka sha totuwa a ka. Ba ta buɗe labari yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Cewa take, "Ku matso da kunnuwa, ku bar bakuna a waje." Mu ce, "Mun bari, Kaka." Ƙarya muke yi, ba mu taɓa bari ba.

Akwai abu ɗaya da duk muka sani game da ita tun ba mu san dalilinsa ba. Kaka ba ta kiran sunan babana. Ishaya ne sunansa, shi ne ɗanta na fari, kuma a wurin mutanenmu uwa tana jin kunyar ɗan fari. Ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa a gaban mutane, ba ta ma cika haɗa ido da shi ba. "Wancan" take ce masa, in ranta yana da daɗi ta ce "mai gidan nan". Akwai wani maƙwabcinmu mai irin wannan suna, shi ma bai tsira ba, ta sauya masa ta koma ce masa Dogo, alhali mutumin gajere ne.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na kura da na zomo da na aljanun rafi, amma akwai ɗaya da ba ta tsallake ta kowace damina. Ita ce ta Bawa.

"A wani gari a gindin wani dutse," in ji Kaka.

"Irin namu?" in ji ni.

"Na ce irin naku? Dutse ya ƙare ne a duniya? Ke Lami, bakinki ai bai tsaya a waje ba."

A garin nan, in ji ta, akwai wani saurayi Bawa, mara surutu, wanda in ba ka lura ba sai ka manta yana wurin. Wata rana wata mata ta hau dutse neman itace, ruwa ya tare ta a sama, santsi ya kwashe ta ta faɗa cikin wani tsagi mai zurfi, ƙafarta ta karye. Makiyaya suka jiyo kukanta suka kawo labari. Maza suka hau da igiyar rama, suka tsaya a bakin tsagin suna leƙawa. Nan fa Kaka take sakewa, ta dinga kwaikwayon muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce shi da zai shiga, amma bayansa ke ciwo. Wancan ya ce shi ya yi nauyi, igiya ba za ta ɗauke shi ba. Wani mai gemu ya ce a jira ruwa ya ɗauke tukuna. Alhali ruwan yana gangarowa yana taruwa a cikin tsagin, ya kai wa matar ƙugu, ya kai mata ƙirji. Mu kuwa dariya har da faɗuwa, don muryar mai gemun sak ta wani dattijon unguwarmu ce.

Sai Bawa ya matso. Ya ɗaura igiyar a ƙugu ya sauka. Ya goya matar da zanenta yadda ake goya jariri, ya ce a ja. Ana cikin ja, ƙullin ƙugunsa ya kwance, sai ya naɗe igiyar a hannuwansa biyu ya riƙe, nauyinsa da na matar duk a tafin hannu. Igiyar ta ci fata, ta ci nama, bai saki ba har suka fito. Mai gari ya ba shi babbar riga, makaɗa suka rako shi har ƙofar gida, mata suna ta guɗa.

"Uwarsa fa, Kaka?"

"Tana ɗaki tana niƙa."

"Ba ta fito ba?"

"Ku wai wasu irin yara ne? Ɗan farinta ne fa. Ta fito ta ce me? Ƙanwarsa ta kira, ta ce ki kai wa wancan ruwan ɗumi da gishiri ya sa hannunsa."

Daga nan sai muryar Kaka ta tashi, kamar mun kurumce gaba ɗaya. "Amma ku ji ni da kyau! A duk garin nan babu wanda ransa ya kai na matar nan fari. Niƙa take, hawaye yana zuba a cikin garin. Tana cewa a ranta, ni na haifi wannan? Ni? Duk mazan gari suka tsaya, nawa ne ya shiga!" Sai ta ja hanci, ta ce hayaƙi ne, ta rufe da cewa, "Ta ƙare. Wanda bai ji ba, masara ce ta toshe masa kunne."

A irin wannan lokaci babana yakan kasance a ƙofar ɗakinsa, tsallaken madafar, yana gyaran ƙotar fartanya. Ba ya ɗaga kai. Ni dai na san akwai farin tabo da ya ratsa tafin hannuwansa biyu, amma na ɗauka na noma ne. Sai ranar jana'izar Kaka, ina makarantar koyon jinya a lokacin, wata tsohuwa mai ɗingishi ta zo daga bayan dutse, ta kama hannuwan Baba ta buɗe su ta kifa fuskarta a ciki tana kuka. Na tambayi gwaggona ko wace ce. Ta dube ni ta ce, "Ke kuma duk shekarun nan ba ki gane wane ne Bawa ba?"

Kai, na yi ta jinjina abin. Na ce lallai Kaka gwana ce. Na ɗauki darasi na ƙulle a bakin zane, cewa uwar kirki ba ta yabon ɗan fari da baki, shi ɗan ya riga ya sani.

Da wannan darasi na shigo Amurka, ni da marigayi mijina da 'yarmu ta fari tana da shekara huɗu. Rahila ne sunanta. Rubuta shi bai taɓa yi mini wuya ba, na rubuta shi a takardun makaranta da na asibiti sun fi a ƙirga. Faɗinsa ne ban taɓa yi ba. "Babba" nake ce mata, tunda ita ce babba a kan ƙannenta. Abin dariya, duk 'yan Najeriyar da ke yankin nan Maman Rahila suke ce mini, kowa yana kirana da sunanta, ni kaɗai ce ba na faɗa. Babanta shi ba ruwansa, yana kiranta yana yabonta yadda ya ga dama, har in dinga hararar sa. Da ya rasu tana aji na ƙarshe a sakandare, sai sunan ya ɗauke a gidan, don ƙannenta Yaya suke ce mata. Ni ban ma lura ba.

Yarinya ce mai ƙoƙari, wannan kam ko maƙiyi ya sani. Ranar da ta gama makaranta iyayen wasu suna tsalle suna ihu da balan-balan, ni ina zaune na sunkuyar da kai, zuciyata kamar ta fashe don murna. Ta shiga soja, ɓangaren masu jinyar waɗanda suka ji rauni. Ranar da ta fara zuwa gida da kaki na dube ta ta gefen ido na ce, "Wandon ya yi miki yawa." A wurina na gama yabo ke nan.

Shekara biyu da suka wuce, cikin tsananin sanyi, ranar hutunta, ta tafi hawan dutse da abokan aikinta biyu a duwatsun da ke yammacin Virginia. Wannan hawan dutse na nishaɗi da mutanen ƙasar nan suke yi, ni har yau ban gane masa ba. Mu da muka tashi a gindin dutse, itace ko ɓatacciyar akuya ce take kai mu sama. Suna cikin tafiya suka iske wata Baturiya tana kururuwa a bakin gangare. Mijinta, wani tsohon malamin makaranta, ƙanƙara ta kwashe shi ya zame ya faɗa kan wani ɗan tudu a jikin dutsen, ƙafarsa ta karye, jini yana zuba, ƙasa da shi kuma rami ne wanda ba a ganin ƙarshensa. Suka kira masu ceto, aka ce iska ta yi yawa, jirgi mai saukar ungulu ba zai iya tashi ba sai ta lafa. Babba ta leƙa ta ga jinin, ta san mutumin ba zai kai lokacin ba. Ta sa abokanta suka riƙe mata igiya ta sauka. Ta ɗaure ƙafar ta tsayar da jinin, ta cire rigar sanyinta ta lulluɓe shi, ta kwanta ta gefen ramin ta tokare shi da jikinta don kada ya mirgina in ya suma. Haka suka wuni har jirgi ya iso gab da faɗuwar rana. Mutumin ya rayu. Ita kuma sanyi ya cinye mata kan yatsu biyu na hannun hagu, sai da aka yanke. Ba yaƙi ake yi ba, ba wanda ya ba ta umarni, ko kaki ba ta sanye da shi.

Daga asibiti ta kira ni ta ba ni labari. Kun san abin da na ce? Na ce, "To, an gode wa Ubangiji. Kin ci abinci?" Da na ajiye wayar na zube a kicin na yi kuka har muryata ta dishe, ina cewa ni na haifi wannan? Amma ita ba ta gani ba. Abin da ta gani shi ne na iso asibiti da kular farfesu, na warware bandejin na duba ɗinkin, na yi wa nas-nas ɗin wurin faɗa a kan yadda suka naɗe shi, sannan na juya na ce mata, "Babba, wa ya aike ki?" Ta juya fuskarta bango. Na ɗauka magani ne yake sa ta barci.

Bayan nan sai ta rage zuwa gida. In na kira, aiki ya yi yawa. Ni kuma da girman kaina na ce ai soja ce, haka aikinsu yake.

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, ƙawata Asabe ta tare ni a wurin ajiye motoci. Asabe 'yar Pankshin ce, tare muke aiki a asibiti ɗaya, kuma ita bakinta ba shi da birki.

"Maman Rahila, wane anko za mu fitar? Sati biyu da 'yan kwanaki fa suka rage, tela ba zai jira mu ba."

"Ankon me?"

"Kamar yaya ankon me? Na lambar yabo mana!"

Da ta ga fuskata sai ta dafe ƙirji. Ashe sojoji sun yanke za su ba Babba lambar da suke ba sojan da ya sa ransa a haɗari ya ceci wani ba a fagen yaƙi ba. Za a yi taro, manyan hafsoshi za su zo. Ta gayyaci Asabe, ta gayyaci fasto, ƙannenta sun sani sun yi gum. Ni uwarta ce kaɗai ba a gaya wa ba.

Tabɗi! Raina in ya yi dubu ya ɓaci. Asabe ta ce, "Kada ki je mata da faɗa. Ke ma kin san halinki, yarinya ta yi abin da ya girgiza gari, kika ce mata wa ya aike ta." Na ce, "Ke Asabe, ku mutanen Filato ba ku san kunya ba, me za ki gaya mini?" Ta ce, "Oho dai. Mu 'ya'yanmu suna gayyatar mu."

Ranar Asabar da rana na dafa dambu na zuba a kula, na kama hanyar Greenbelt inda take haya. Tun daga babban titi nake shirya maganganun da zan yaɓa mata. Ta buɗe ƙofa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta karɓi kular da hannun nan mai guntayen yatsu. Ina yi mata Hausa tana ba ni amsa da Turanci, yadda muka saba. Na ce, "Ni za ki wulaƙanta a gaban jama'a? A bakin Asabe zan ji?"

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Mama, ba wulaƙanci ba ne. Ba na so in tsaya a gaban mutane ina neman fuskarki ke kuma kina kallon ƙasa. Na yi haka ranar da na gama sakandare, na yi ranar da na gama horon soja. Ba zan iya na uku ba." Ta ƙara da cewa, "Lokacin da nake kwance a dutsen nan na ɗauka mutuwa zan yi. Kin san abin da ya dinga zuwa mini? Na yi ta ƙoƙarin tuna yadda sunana yake fita a bakinki, na rasa. Tun da Baba ya rasu ban ji shi a gidanmu ba."

Na ce, "Kunya ce, Babba. Ke 'yar fari ce. Ai kin sani."

"Na san ana cewa kunya. Ban san me ke bayanta ba."

Sai na ce bari in yi dabarar Kaka. Na gyara zama na ba ta labarin Bawa tun daga farko, da masu ciwon baya, da igiyar rama, da uwar da ke niƙa tana kuka. Na ɗaga murya a daidai inda Kaka take ɗagawa. Ta saurara har ƙarshe, har ta yi murmushi a wurin mai gemu. Sannan ta ce, "Labarin yana da daɗi, Mama. Amma shi Bawa yana da gari guda da suka san abin da shirun uwarsa yake nufi. Ni a nan wa zai fassara mini? Ƙawayena tambayata suke ko muna faɗa ne."

Na buɗe baki in faɗi sunan, Allah yana gani na buɗe. Harshena ya yi nauyi ya ƙi motsi. Ta jira, ta jira, sannan ta tashi ta ɗauko katin gayyata a kan tebur ta sa mini a jaka. Ta ce, "In kina so ki zo. Ba dole." Na fito ina jin cewa in ranar nan ta wuce yadda sauran suka wuce, yarinyar nan za ta ci gaba da gaishe ni da ladabi har in mutu, amma ba za ta sake neman fuskata ba.

Washegari na kira Baba a Kaduna, inda yake zaune wurin ƙanina. Ya tsufa sosai, sai an ɗaga murya yake ji. Niyyata in kai ƙarar 'ya'yan Amurka, ya taya ni. Na zayyane masa komai, na ƙare da cewa, "Baba, kai da Kaka ba ta taɓa kiran sunanka ba, ka taɓa yin fushi? Ai ka san kai ne Bawa."

Ya ce, "Na sani mana. Me kike tsammani yake zaunar da ni a ƙofar ɗaki cikin feshin ruwa? Ƙota nawa ce a gidan da zan yi ta gyara kowace damina?" Ya yi 'yar dariya, ya yi tari. "Ban yi fushi ba, Lami. Amma tunda kin tambaya zan gaya miki. Ranar da za ta cika ni ne a gefenta. Na riƙe hannunta ina cewa a raina, yanzu kam ba kowa, daga ni sai ita, ko sau ɗaya za ta ce Ishaya. Ta dube ni, ta dube ni, ta ce, 'Mai gidan nan, ka sha wahala.' Shi ke nan. Na gode mata, na san abin da take nufi. Amma ga ni na haura tamanin, har yau in na tuna sai in ji da ma ta faɗa."

Ya ce, "Ke kina da sauran lokaci. Ki gaishe mini da Rahila, ki ce kakanta ya ce hannu ya yi kyau."

Kwanakin da suka rage a mota na yi su ina koyo. Duk wanda ya san titin 95 da safe ya san mutum zai iya haddace littafi guda kafin ya isa wurin aiki. In cunkoso ya tsaya sai in ɗaga gilashi in gwada. Ranar farko "Ra" kawai ya fita, na ji kamar na tuɓe ɗankwali a tsakiyar kasuwa. Rana ta uku na faɗe shi duka, a hankali, na waiga ko wani ya ji. Rana ta biyar ina ta kwala shi ni kaɗai, wani mai babbar mota a gefena ya leƙo yana tambayata da hannu ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, ya kama gabansa.

An yi taron da hantsi, a wani babban zaure cikin gine-ginen gwamnati da ke kudu maso yammacin Washington. Mun fitar da ankonmu, ni da Asabe da matan majami'a, mun ɗaura ɗankwali ya tashi sama, muka zauna a tsakiyar masu kaki. Ga mutumin da aka ceta a layin gaba da sandarsa, matarsa tana riƙe da shi. Aka kira Babba ta fito ta ƙame. Wani hafsa ya karanta abin da ta yi dalla-dalla, wani babba mai furfura ya maƙala mata lambar a ƙirji. Na lura da idonta. Bango take kallo, ba ta ko gwada duban inda muke ba. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Aka fara tafi irin nasu, a tsanake, kowa a zaune. Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na kama hanci na rangaɗa guɗa irin ta ƙauyenmu, wadda rabona da ita tun ina budurwa, har zauren ya amsa. Tafi ya tsaya cak. Sai na ji muryata tana cewa, da Hausa, da ƙarfi, "Rahila! Rahila 'yata! Ni na haife ki! Kowa ya tsaya, ke kika sauka!"

Asabe da ta gama yi mini gori ita ce ta fara jan zanena tana cewa in zauna za a fitar da mu, sai kuma ta fasa ta miƙe ta kama guɗar ita ma. Tsohon malamin nan bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya dogara sandarsa ya tashi tsaye, daga nan zauren duka ya tashi. Rahila tana ƙame, doka ba ta ba ta damar motsi ba. Idonta ne kawai ya bar bango ya zo kaina ya tsaya, hawaye yana gangara har cikin kwalar rigarta, ba halin sharewa. Ni ma ban sunkuyar da kai ba.

Na daɗe ina juya labarin Bawa tun daga ranar. Shekara da shekaru na ɗauka abin da Kaka take koya mana shi ne yin shiru. Yanzu na ga ba haka ba ne. Tsohuwar nan ai kasa yin shiru ta yi. Al'ada ta ɗaure mata baki, ita kuma ta yi ta neman kafar da maganar za ta fita, har ta samu ta wurin jikoki da gasasshiyar masara, ta dinga ɗaga murya don ta tsallake tsakar gida. Iyakar inda zamaninta ya bar ta ta kai ke nan, kuma ta kai. Ni na gaji kunyar na bar ƙoƙarin, na kawo ta ƙasar da ba mai gane ta, ina jiran yarinya ta karanta abin da ba a taɓa koya mata ba. Ban ce kunya banza ce ba. Har yau in zan kira sunan sai na ɗan ja numfashi, kuma a gaban surukai Babba nake cewa. Amma na daina yarda cewa ɗa ya riga ya sani. Ko ya sani, yana so ya ji.

Da aka sallami taro mutane suka yi mata caa, masu gaisuwa da masu hoto, har da mai furfurar nan. Na ga ta ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, ta ratso tsakiyarsu ta nufo ni. Na shiga gyara ɗankwali don na rasa abin da zan yi da hannuna, ina tsammanin za ta ce na ba ta kunya a gaban manyanta. Ta tsaya a gabana da kakinta da lambarta, ta ɗan rusuna. Yarinyar da kullum da Turanci take ba ni amsa, ta buɗe baki da karyayyiyar Hausarta.

Ta ce, "Na'am, Mama."